Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyarmu ta Masu Sha'awar Jirgi Marar Inji a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana ma ba mu mallaki jirgin saman da mutum zai shiga ba, sai ƙananan da muke haɗawa da soso da katako. Galibin zamanmu ya tafi ne kan abu guda: haɗarin da ke samun jirgi marar inji in ya sauka a daji, nesa da filin jirgi.

Iskar zafi mai tasowa daga ƙasa ke ɗaga irin wannan jirgi, wadda ungulu ke shawagi cikinta da rana tsaka. Jirgi mai kyau yakan ci kilomita 40 kafin ya sauko da kilomita 1. Da iskar ta ɗauke, sauka ta zama tilas, kuma sau ɗaya ake yin ta. Mun daɗe kan batun jinkiri. Matuƙi ya yi ta kwaɗayin wata iskar har ƙasa ta matso, ya karya kwana a gaggauce, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, wato ya kasa riƙe jirgin a sama, jirgi ya kifa da hanci. Sakin iskar nan ne ya yi ajalin Otto Lilienthal, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tashi da irin wannan jirgi, a Jamus a 1896. Shi ya sa masu koyarwa ke cewa a fara duban gonar da za a sauka tun ana wajen mita 600 sama.

Bayan girbi mun fita hanyar Mirriya don duba gonaki da idon matuƙi. Daga nesa gona shimfiɗe kamar tabarma, ka shiga sai kunya-kunya, ga kututturen gero, ga gawo tsaye a tsakiya. Wayar lantarki kuwa ba ta ganuwa, sai dai ka nemi turakunta. Nan babba cikin ƙananan jiragenmu ya karye. Ya sauka a gicciye da kunya, bakin fiffike ya kama kara, ya wulwula ya daki ƙasa. Ni sakatare na jefa shi, iska na bayansa, laifin nawa ne. Yaran da ke kiwo suka sha dariya, sannan suka tsinto mana guntun fiffiken.

Da hunturu hazo ya hana mu fita. Ziyarar makarantu da muka yi alkawari ba ta samu ba, mun ɗaga ta zuwa baɗi in Allah ya kai mu.

Gyaran jirgin na jiran kuɗi. Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, su ga ma'aji kafin zama na gaba.