Wasiƙar Makaranta: Tattakin Bakin Ruwa daga Skipton zuwa Leeds

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kowa yana lafiya, ya sanyi. Maganar tattakin neman gudummawar rijiyar burtsatse ce ta sa na rubuto, don saura mako biyu, kuma na lura wasunmu sun ɗauka yawon shan iska za mu je.

Tsarin yana nan yadda aka amince a taron iyaye. Malamai da iyaye maza da suka ba da suna za su taso daga Skipton bayan asuba, su bi turbar gefen magudanar jiragen ruwa ta Leeds da Liverpool har cikin Leeds, mil 29 ke nan. Yara kuwa iyakarsu daga Bingley zuwa Saltaire, kimanin mil 3. Waɗanda ke cewa 'ya'yansu ƙarfafa ne a bar su su ƙarasa, ku yi haƙuri, na riga na yanke.

Malamin Alƙur'ani da malamar ajin ƙanana sun taka hanyar da ƙafarsu ranar hutunsu, ba wanda ya sa su, Allah ya saka musu da alheri. Rahotonsu shi ne, daga Bingley zuwa Leeds turbar tana da kyau, yawancinta an daɓe ta. Matsalar tana ɓangaren Skipton, inda turbar ta ratsa gonaki: wasu wuraren ƙasa ce zalla, in an kwana ana ruwa sai taɓo ya kama takalmi har idon sawu. Asalinta dawakai masu jan jiragen kaya aka yi wa ita, tun kafin a kammala magudanar a 1816, saboda haka a ƙarƙashin gadoji takan tsuke, duwatsun da aka shimfiɗa kuma sun suɗe, santsi gare su. A nan mutum ɗaya-ɗaya za a wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da yara za su fara. Matakalar ruwa mai hawa biyar ta Bingley, wadda aka buɗe a 1774, tana ɗaga jirgi ƙafa 59, kuma abin kallo ce, yaro zai so ya leƙa. Ramukan suna da zurfi, bangonsu a miƙe yake da gansakuka, ruwan kuma sanyinsa kan ɗauke numfashin babba ma. Babu shinge a yawancin bakin ruwan. Don haka kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 10 hannunsa na cikin na babba, babban ne kuma a ɓangaren ruwa. Ga masu kekuna da ke zuwa da gudu, ga masu yawo da karnuka. Mun san 'ya'yanmu da tsoron kare. Ku faɗa musu tun a gida cewa in sun ga kare su tsaya cak, kada su ruga, don inda za su ruga ruwa ne. Kada kowa ya wanke hannu ko ya yi alwala da ruwan magudanar, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. A zo da alwala da gorar ruwa, za mu yi azahar a filin Roberts Park na Saltaire.

Iyaye mata, don Allah a duba sutura. Abayar da ke jan ƙasa za ta kwashi laka da najasa, a ɗage ta ko a sa wadda ta tsaya a idon sawu. Silifa ba za ta shiga layi ba, sai kambas mai gurzajjen ƙasa da rigar ruwa. Duk wanda ya zo da silifa, ni da kaina zan mayar da shi tashar jirgin ƙasa ta Bingley.

Manyan masu dogon zango, ku riƙa lura da lambar da ke jikin gadoji. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ita za ku faɗa in kun kira 999. Wanda ƙafarsa ta gaza, akwai tasha a Shipley da Apperley Bridge, babu kunya a hawa jirgi. Hukumar Canal & River Trust, mai kula da magudanar, kan rufe wani yanki don gyara, za mu duba sanarwarta daren Juma'a mu turo a zauren WhatsApp.

Takardun izini har yanzu wasu gidaje ba su dawo da su ba, kun san kanku. Babu takarda, babu tafiya.

Kuɗin zango na biyu a biya kafin ƙarshen wata. Musabaƙa tana nan bayan hutu. Masu zuwa ɗaukar yara a makare, malamai ma suna da iyali.

Wassalam,
Shugaban Makaranta