Zakin da aka ji da zakin da aka gani: amsa ga tsohon ɗalibina

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a zaure, rediyo na gefen tabarma, sai na ji ka ambace ni a shirinka na yara. Ka ce kun sami ɗan tallafi za ku mai da wani littafin Hausa na labarin aljannu wasan kwaikwayo, amma abokan aikinka sun rabu biyu, wasu rediyo suke so, wasu talabijin. Ka tuna cewa kana aji shida na taɓa sa muku labarin zakin nan na Turawa a kaset, daga baya na nuna muku shi a bidiyo. Sai ka ce: "Malam, in kuna ji na, ku raba mana gardama, wanne ya fi?" Kafin la'asar mutum uku sun tare ni a hanyar masallaci suna tambayar me zan ce maka. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa.

Saboda waɗanda ba su san labarin ba, littafin shi ne The Lion, the Witch and the Wardrobe, wato Zaki da Mayya da Kabad ɗin Tufafi. Wani malamin jami'ar Oksfod mai suna C. S. Lewis ya rubuta shi, aka buga a 1950, shi ne kuma na farkon fitowa cikin littattafai 7 da ya yi a kan ƙasar Narnia. Yara huɗu 'yan gida ɗaya aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu, aka kai su gidan wani tsohon farfesa a ƙauye. Autarsu Lucy ta shiga wani kabad, ta kutsa bayan riguna, sai ga ta a dajin da Farar Mayya ta ɗaure da sanyi shekara 100. Wanta Edmund ya sayar da 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewa. Zakin da ake kira Aslan ya ba da ransa fansar yaron, aka kashe shi a kan teburin dutse, da gari ya waye ya tashi.

BBC ta yi wannan labari sau biyu kusan a lokaci guda. Na talabijin ya fito a ƙarshen 1988, kashi 6, kowanne kamar rabin awa. Na rediyo kuwa Brian Sibley ne ya tsara shi, Stephen Thorne ya yi muryar zakin. Wani abokin aikina da ya je kwas Ingila ne ya kawo mini su duka biyu, kuma shekara da shekaru ina amfani da su a aji, har kaset ɗin ya fara cin zare.

Ban sani ba ko ka tuna ranar da muka kai wurin teburin dutse a kaset. Ni dai ban manta ba. Hunturu ne, an rufe tagogi saboda ƙura, rikoda na kan teburina da batir sababbi. Na riga na fassara muku abin da zai faru: za a ɗaure zakin, a aske masa geza, a sa masa takunkumi, Lucy da yayarta na laɓe suna kallo. Da na danna, ihun mutanen Mayya ya cika ajin, sai kuma muryar zakin ta ɗauke. Ba wanda ya yi ko tari. Wata yarinya a layin gaba ta ja hijabi ta rufe fuskarta, alhali ba abin da ke gabanta sai allo da rikoda. Abin da ta rufe wa ido yana cikin kanta, ita ta ƙera shi da kanta, daidai gwargwadon tsoron da zuciyarta za ta iya ɗauka.

Mako biyu bayan haka aka tayar da janareta a gidan hedimasta, muka kalli wannan wuri a bidiyo. Zakin na fitowa wani yaro daga baya ya ce da ƙarfi: "Malam, wanga ba zaki na ba, mutane na ciki!" Aji ya fashe da dariya. Kuma gaskiyarsa. Mutum biyu ne a cikin rigar zakin, kan kuma na'ura ke motsa shi, bakin yana buɗewa yana rufewa ba tare da ya bi kalmomin ba. Kerkecin Mayya mutum ne tsaye da ƙafa biyu sanye da fatar roba. Dodannin da ke shawagi a sama kuwa zana su aka yi da hannu aka liƙa a kan hoton, idon yaro ɗan shekara goma yana ganin inda aka haɗa. Ba na raina aikin mutanen nan. Sun yi iyakar abin da kuɗinsu da na'urar zamaninsu suka ba su. Amma shi hoto, in ya nuna maka zaki, ya rufe ƙofa: wannan ne zakin, ko ka yarda ko ka ƙi. Yaron ya ƙi.

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kakarka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", kuka ce "ta zo mu ji ta". Mu ji ta aka ce. Wa ya taɓa ganin Dodo? Duk da haka kowane yaro a Kabi yana da nasa Dodon, kuma na wani ba ya kama da na wani. Da kakarka ta ɗauko ɗan tsana ta ce ga Dodon nan, da daren ya lalace.

Akwai kuma hujjar da ba ta bukatar ra'ayina. Talabijin ɗin BBC ya yi littattafai 4 cikin 7 tsakanin 1988 da 1990, ya tsaya. Manyan finafinan silima da aka fara a 2005, masu zakin kwamfuta da ake iya ƙirga gashinsa, guda 3 aka yi, na ƙarshe a 2010. Rediyo ne ya kai labarin gaci, Sibley ya gama duka bakwai ɗin a 1997. Jirgin ruwa a teku, doki mai magana, ƙarshen duniya, duk farashinsu ɗaya a gaban makirfo. Kai da ka ce "ɗan tallafi" kuka samu, ka riƙe wannan da kyau.

To amma in na tsaya a nan na zalunci talabijin, na kuma ɓoye maka rabin abin da na gani.

Akwai wurin da kaset ɗin ya kasa a ajinmu, kuma tun daga farkon labarin ne. Lucy ta taka wani abu yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta. Ɗan Ingila na jin wannan ƙara ya san dusar ƙanƙara ce, jikinsa ma zai ɗauki sanyi. Ku kuwa kuka ce tsakuwa ce, wani ya ce karan dawa ake takawa. Na yi bayani har na gaji. Na ce kamar ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farkon damina, amma mai laushi. Na ce kamar auduga, kamar garin rogo a baje. Kuna ta gyaɗa kai don ladabi. Ranar bidiyo, da yarinyar ta fito daga cikin riguna, ga daji fari fat, ga fitilar titi tana ci ita kaɗai a tsakiyar itatuwa, sai na ji ajin ya ja numfashi gaba ɗaya. A cikin daƙiƙa biyar hoto ya yi abin da na kasa yi a darasi biyu. Haka ma Tumnus, mai jikin mutum da ƙafafun akuya, da dabbobin ruwan nan masu datse rafi da itace, waɗanda ko suna ba mu da shi gare su. Lewis da kansa ya ce labarin ya faro ne daga hoto guda da ya daɗe a ransa tun yana saurayi: wannan halitta mai ƙafar akuya riƙe da laima da ƙunshin kaya a dajin dusar ƙanƙara. Don haka ido yana da haƙƙinsa a cikin wannan littafi.

Ga kuma harshe. Kaset ɗin sai na riƙa tsayarwa ina fassarawa, don in Turanci ya kuɓuce wa yaro a rediyo, komai ya kuɓuce. A bidiyo ko bai ji kalma ɗaya ba, fuskar Edmund yana cusa alewa a baki ta gaya masa wane irin yaro ne.

Abin da na fahimta bayan shekarun nan shi ne rediyo ba ya zuba wa yaro sabon abu, abin da ke cikin rumbunsa yake buɗewa. Zaki yana cikin rumbunku tun daga tatsuniyar Gizo, shi ya sa murya kaɗai ta tashe shi, ya fi na bidiyo girma da kwarjini. Dusar ƙanƙara ba ta ciki, sai rediyo ya buga ƙofa ba kowa. Talabijin ya fi ƙarfi wajen nuna baƙon abu da ke akwai a duniya, ya fi rauni wajen nuna abin al'ajabin da babu shi.

Tunda iyaye ma za su karanta wannan, bari in faɗi abin da na saba faɗa musu tun wancan lokaci. Lewis Kirista ne mai riƙo da addininsa, mutuwar zakin da tashinsa kuma daga aƙidarsu ya ɗauko. Ban taɓa ɓoye wannan ba. Nakan gaya wa yara haka masu littafin suka yi imani, mu ga abin da muka yi imani da shi, sannan mu koma kan darasin cin amana da yafiya, wanda kowane gida ya san shi.

Yanzu auna littafinku da wannan ma'auni. Me ke cikinsa da yaron Jega ko Yawuri ko Zuru bai sani ba? Kasuwa, fada, kogi, kwalekwale, tsamiyar da ake tsoron wucewa ta ƙarƙashinta da tsakar rana, duk suna rumbunsa. Abin da ya rage shi ne aljannu, su kuwa ba mai kyamarar da zai nuna su a yarda. Mun sha gani a finafinanmu: a shafa wa mutum farar hoda, a ja masa baƙin kwalli, ya ɓace fat ya bayyana, yara na dariya a inda ya kamata su ƙanƙame juna. Wato duk raunin da rediyo ya nuna a labarin Narnia ba zai same ku ba, duk raunin da talabijin ya nuna kuwa yana jiran ku a bakin ƙofa. Amsata ke nan: ku yi na rediyo.

Sai dai ku yi wasa na gaske, kada ku zaunar da mutum ɗaya ya karanta littafi ku kira shi wasan kwaikwayo. Na BBC ya yi dabara mai kyau, ya sa tsohon farfesan ya zama mai ba da labari, yana shiga yana fita, yana barin yaran su yi maganarsu. Ku ma ku nemi tsohuwa mai bakin tatsuniya ku ba ta wannan matsayi. Ku sa yara na gaske su yi muryar yara, don babba in ya maƙale murya yaro na gane shi nan take. Ƙoƙo biyu a kan faranti mai yashi sun isa kofaton doki. Bokitin ruwa da ludayi sun isa kogin Matan Fada. Sarki zai fito, algaita da kakaki sun gama magana. Kuma kada ku ji tsoron shiru. Abin da ya rufe wa yarinyar nan fuska ba ihun ba ne kaɗai, har da shirun da ya biyo baya.

Muryar sarkin aljannu kuwa kada ku ba kwamfuta. Akwai tsohuwar randa a bayan ɗakina wadda ta tsage ba ta riƙe ruwa. Jikokina kan zura kai ciki su yi magana, ƙannensu su watse da gudu. Ka zo Argungu da na'urar ɗaukar maganarka ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo da wanda zai yi muryar, mu gwada ta. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Malaminka na aji shida,
daga Argungu.