Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin bazara ta kankama

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da amaryata ƴar ƙarama. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ƙanwarka ta dawo daga wajenku tana ta yabon sabon gida, a cikin hirar ne kuma ta ambaci wani abu da ya hana ni barci. Zan zo kansa. Bari in fara da gyaran da ya kamata ka gama yanzu da sauran sanyin safiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da rufi, don mafi yawan zafin gidan da ba bene ba ta sama yake sauka. Kwano mai duhun launi yakan kai digiri 70 da tsakar rana, ya yini yana gasa silin, silin kuma ya kwana yana gasa ku. Maganin farko farin fenti ne na rufi, shafi biyu, amma sai an wanke ƙura an kankare tsatsa, in ba haka ba cikin shekara guda zai ɓare. Na biyu, a shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin santimita 10 a bayan silin, gefe ya haɗu da gefe ba tare da rata ba. Kada a danne ta, iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. Kada kuma a lulluɓe mazaunin fitila ko mahaɗar waya da ita. In takarda mai ƙyalli za a sa a ƙarƙashin kwanon, a bar sarari kamar santimita 2 zuwa 3 a gaban fuskar mai ƙyallin. In ta manne da wani abu, an yi asarar kuɗi. Sannan sararin da ke tsakanin silin da kwano yana bukatar numfashi: ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi, mafita a can ƙololuwa, duka da raga saboda tsuntsu da jemage. Wanda zai shiga ciki ya shiga da sassafe, da takunkumi da safar hannu, ya taka katako kawai, silin ba ya ɗaukar mutum.

Tagogin gabas da na yamma su ne masu wahalarwa, saboda rana tana shigarsu a kwance, bakin rufi ba ya tare ta. Inuwar a waje ake yin ta, rumfa ko wani abin saukewa a bayan gilashin. Labulen ciki yana ragewa, amma kafin hasken ya iso gare shi zafin ya riga ya ƙetare gilashi. Da rana a rufe tagogi, in iskar waje ta fi ta ciki sanyi da dare a buɗe biyu masu kallon juna. Ratar ƙarƙashin ƙofa a toshe ta da roba. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 kusan duk wutarsa zafi take zama, LED mai wat 9 zai ba ka haskensa. Fanka a goge fukafukanta, in ta rage gudu ko sai an tura ta da sanda yawanci kafasita ce ta mutu, a canza da mai lamba ɗaya da tsohuwar. Kuma fanka jiki take sanyayawa, ɗakin da ba kowa a kashe ta.

To, yanzu abin da ƙanwarka ta faɗa. Ta ce ka sa eyakwandishan a ɗakin da yarinyar nan ke kwana, ka jona ta a ekstenshan, wayar ta bi ta ƙarƙashin kafet ta wuce bayan gado, kuma a nan ake jona dutsen guga. Ta faɗe shi ne tana dariya, ba ta san abin da take faɗa ba. Kai ka sani. Kai da ka ga gidan kawunka washegarin gobara da idonka, haba ɗana!

Bari in yi maka lissafin, tunda kai ba ka karɓar magana sai da lissafi. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana cin wajen wat 1,200, wato amfiya 5 zuwa 6 a wuta mai bolt 230, kuma in ba mai inbata ba ce, wato irin mai tashi a hankali, duk sanda kwampreso, injin da ke matsa gas ɗinta, zai tashi sai ya fizgi ninkin wannan sau da yawa na ɗan lokaci. Ƙara dutsen guga mai wat 1,500, kun doshi amfiya 12. Siririyar wayar ekstenshan mai kaurin murabba'in milimita 0.75, amfiya 6 aka yi ta ta ɗauka. Zafin da waya ke yi kuwa ba daidai da nauyin yake hawa ba: in wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. A fili da iska ta ɗan ɗauke shi. A ƙarƙashin kafet ba inda za shi, sai ya dafa robar a hankali, ta yi laushi, ta bushe, ta tsage. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bireka, mai yanke wuta da kanta in nauyi ya yi yawa, ba za ta faɗi ba. Ita amfiya 20 ko fiye take jira, wayar kuwa tun a 12 take cin kanta. Haka filogin da ke rawa a cikin soket, ɗan tartsatsin da yake yi ya isa ya narkar da roba alhali komai na aiki lafiya lau. Kuma wane lokaci na'urar ta fi daɗewa a kunne? Tsakar dare, ƙofa a rufe, kowa ya yi nisa. Hayaƙin roba ba ya tashin mai barci, ƙara kwantar da shi yake yi.

Na san abin da za ka ce, wai na wucin gadi ne kafin ka samu sarari. Haka kake tun kana ƙarami, abin da ka ɗaure da igiya ka ce gobe, a nan yake tsufa. Ka samu kuɗin na'ura ka rasa na waya? Kuna cewa na cika takura, har an yi shekara ana ba ni amsa da e da a'a saboda maganar da na yi a kan wancan gidan na kawunka, wa gaskiyar ta biyo daga baya? Ranka naka ne, ka girma. Yarinyar nan kuwa ba ta zaɓi inda za a kwantar da ita ba.

Ga abin da za a yi, a makon nan. Yau ɗin nan ka zare wannan ekstenshan, ku yi haƙuri da fanka. Ka kira ƙwararren mai aikin wuta, kada ka taɓa da kanka. A ja wa na'urar layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, waya mai kaurin 2.5 a cikin bututu, in da nisa sosai a sa mai 4, da birekarta mai amfiya 16 ko 20 gwargwadon abin da aka rubuta a jikin na'urar, da makunni mai yanke layi biyu kusa da ita. Ka tsaya a kankare bakin wayar a gabanka. In cikin ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, a mayar. A tabbatar wayar ƙasa tana aiki, a sa na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30, ka riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Tunda ya zo, ya kashe wuta ya bi sukurorin akwatin da na soket-soket ya ɗaure, domin sako-sakon mahaɗa ya fi komai haddasa gobara. Bayan na'urar ta yi awa guda tana aiki, ka ɗora bayan hannunka a kan makunnin. Ɗumi kaɗan ba komai. In ya yi zafi, ko ya canza launi, ko ka ji wari kamar na kifi, kashe daga akwati ka sake kiransa. Ka sa ƙararrawar hayaƙi a silin na ɗakin da na baranda, ka ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, ka gaya wa iyalinka ba a watsa wa wutar lantarki ruwa.

Ita kanta na'urar, a wanke ragar tace ƙurarta duk mako biyu, ta bushe a inuwa kafin a mayar. Rabin da ke waje a ba shi aƙalla santimita 30 daga bango, gabansa a buɗe. A zuba ruwa a bututun fitar ruwa a ga yana gangarawa. In an ce gas ya ragu, to yoyo ne, gas ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi, a nemo wurin a toshe kafin a ƙara. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti 3 kafin a kunna. Ka ajiye ta a 25 ko 26. Sa ta a 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi, kwampreso kawai yake hana hutu, kuma kada iskar ta riƙa bugun gadon yarinya.

Na yi maka faɗa, ka yi haƙuri, ba don na raina ƙoƙarinka ba ne. Na san don ita ka sayi na'urar, kuma na ji daɗin hakan. In kuɗin aikin ne ya tsaya, ka faɗa wa mahaifiyarka tunda ita ba ka jin nauyinta, za a turo. In an gama ka ɗauko min hoton akwatin wutar a buɗe da na makunnin, ina so in ga lambar birekar da idona. Ka shafa min kan amaryata, ka ce mata angonta na nan tafe. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku.

Mahaifinka