Amsa ga Alhajin da ya ce lissafin teku a kwamfuta duba ne

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kasuwa na albarka.

Tambayar da kuka yi mini a rediyo lokaci bai bari na amsa ba, shi ya sa na rubuto. Kun ce Nijar ko tafin hannu na teku ba ta da shi, to me ya kai ɗan Yamai zama gaban kwamfuta yana lissafin kifin teku, kuma wai meye bambancin aikin da na mai duba.

Alhaji ai ku ne kuke sayar da teku a Yamai. Kifin firigo da kamiyo ke kawo muku kwali kwali daga tashar jirgin ruwa ba a kogin Isa aka kama shi ba, ba kuma a tafkin Tabalak ba.

Abin da muke yi kusan littafin shagonku ne, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ana rubuta ƙananan halittun ruwa da ido baya gani, da ƙananan kifi masu cin su, da manyan kifi da tsuntsaye masu cin ƙananan, kowa da yawansa da saurin hayayyafarsa, sannan a sa jiragen kamun kifi. Sai a tambayi kwamfuta, in aka ninka kamun sardin shekara 10 wa zai fara jin yunwa? In ruwa ya ƙara zafi ina kifin zai koma? Akwai manhajar irin wannan lissafi mai suna Ecopath da wani masanin teku Jeffrey Polovina ya fara a 1984 don wasu tsibiran Hawai na Amurka, yanzu ko'ina ana aiki da ita.

Kuma tambayar nan ta sardin ba wasa bace. Gaɓar Muritaniya da Senegal na cikin wurare mafi albarkar kifi a duniya, don iska na tura ruwan saman teku gefe sai ruwan ƙasan teku mai sanyi mai abinci ya taso. Amma yanzu ga masana'antu a Nuwadibu ta Muritaniya suna niƙa kifin talaka ya zama gari, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ke bada kilo 1, a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Ni kam abin nan na ci mini rai wallahi.

To maganar duba. Ba zan ce muku lissafin baya kuskure ba, yana yi, mummuna ma. A Kanada masana sun ta cewa kifin kod na nan da yawa saboda manyan jirage na ta cika, alhali na'ura ce ke nemo musu ɗan ragowar da ya taru wuri guda, masunta na bakin gaɓa suna ta kukan kifi ya ragu ya ƙanƙance ba a saurare su ba, sai a 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Amma dai an koma an bi lissafin layi layi an ga inda aka zame. Mai duba in ya faɗi bata faru ba wa zai buɗe ƙasarsa ya bincika? Matsalarmu a Afirka ta Yamma ita ce alƙaluman da ake ba kwamfutar, jirage da yawa na kamu a ɓoye ko su faɗi ƙasa da abin da suka kama, kuma in an zuba ƙarya ƙarya ce za ta fito.

Sai damina, wadda ta fi kifin ma shafarmu. Iskar da ke kawo mana ruwa daga tekun Gini take tasowa. A 2003 wata masaniyar yanayi Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta zafin ruwan tekuna na shekarun baya kawai, sai ga farin Sahel na shekarun 1970 da 1980 ya fito a lissafin, farin da a da ake ɗora wa makiyaya da masu saran itace laifinsa kacokan. Hasashen damina da cibiyoyin nazarin yanayi AGRHYMET da ACMAD ke fitarwa nan Yamai ma zafin teku na cikin abin da suke dubawa, kuma teku ce ke shanye sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙinmu ke tarawa.

Roƙo ɗaya gare ni. Tunda kun daɗe a harkar, in kuna da tsofaffin takardun kaya masu nuna ƙasar da kifi ya fito da girmansa da farashin kwali, ku taimaka mini na kwafa, irinsu muke nema ruwa a jallo. A gaida mutan gida.

Ɗanku, daga Yamai