Wasiƙa daga Alƙahira

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Yaya da iyalinsa da ƙannena baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau, karatu yana tafiya, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Baba, za ku ga hotuna a cikin ambulan ɗin nan. Ni na ɗauke su, kuma ba da waya ba. Na sayi wata tsohuwar kyamara ƙirar Zenit, ta Rasha, a hannun wani dattijo mai gyaran kyamarori, irin wadda ake sa wa fim ɗin nan da masu hoton biki suke ratayawa a da. Nauyinta kamar dutsen guga. Ba ta cin batir, komai da hannu ake saita shi. Fim ɗaya hoto 36 ne, kuma mutum ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an kai an wanke. Na san Yaya zai ce ɓarnar kuɗi ce. A gaya masa ban taɓa kuɗin makaranta ba, daga ɗan abin da nake samu na koyar da yara ne.

Yawancinsu a Ƙal'ar Salahuddin na ɗauka, wato ganuwar da ke kan tudu a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Salahuddin al-Ayyubi ne ya fara gininta a 1176, kuma daga nan aka riƙa mulkin Masar kusan shekara 700, kafin a koma fadar Abidin a cikin gari. Akwai rijiya a ciki da aka haƙa cikin dutse, zurfinta ya kusa mita 90, a da shanu ne suke juya abin jan ruwanta.

Kowa idan ya hau, masallacin Muhammad Ali Pasha, wanda ya taɓa mulkin Masar, yake nufa, mai dogayen hasumiyoyi irin na Turkiyya, wanda aka fara a 1830. Ba laifi, yana da kyau, amma ni na gefensa ya fi kwanta mini a rai, na Sarki an-Nasir Muhammad, na 1318. Ku duba hoton da na rubuta wa lamba 4 a baya. Ginshiƙan ba su yi daidai da juna ba, wani kauri wani siriri, domin daga tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni da na Rumawa aka kwaso su. Wannan sarkin ne ya karɓi Mansa Musa na Mali a nan Ƙal'a a 1324, yana kan hanyarsa ta aikin Hajji. Na daɗe a farfajiyar ina jiran rana ta karkata, don da tsakar rana hasken garin nan cinye hoto yake yi, bango ya fito fari fat babu inuwa. Sai bayan la'asar dutsen yake komawa ruwan zuma, sassaƙar jikinsa ta fito. Shi kansa saman hasumiyar koren tangaran ne, shi ya sa na sa fim mai launi, Kodak Gold 200. Da baƙi da fari ne da koren ya salwanta.

Na cikin masallacin Muhammad Ali kuwa baƙi da fari ne, Ilford mai lamba 400, wanda ya fi jure duhu. Duk da haka sai da na jingina da ginshiƙi na riƙe numfashi kafin na danna, domin hannu yana motsawa kaɗan hoton ya dishe. Wanda ya yi hazo-hazo daga bakin katanga ne, ana hango masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i a ƙasa. Ba laifin kyamara ba ne, ƙurar Alƙahira ce. Ranar da gari ya washe har dalar Giza ake hangowa.

Ƙofar nan da ke rufe ita ce Bab al-Azab. A lungun da ke bayanta Muhammad Ali ya sa aka hallaka shugabannin Mamluk, wato sojoji masu asalin bauta da suka daɗe suna riƙe da iko a Masar, a 1811, bayan ya gayyato su biki. Inna, kada ki rataye wannan a ɗaki.

Yanzu ga roƙona, Baba. A akwatin ƙarfenku akwai 'yan fina-finan nan masu launin ƙasa-ƙasa da mai hoto yake haɗowa da hotuna, na sunan Yaya da na dawowarku daga Makka. Don Allah kada a bar yara su yi wasa da su, kuma kada a goge su da ruwa. Daga jikinsu ake sake buga hoto sabo fil, ko da na takardar ya koɗe. A naɗe su a takarda mai tsabta, a riƙe su ta gefe, a ba duk ɗalibin da zai taho. Tunda an riga an wanke su, na'urar binciken kaya ta filin jirgi ba za ta yi musu komai ba. Ku kuma faɗa mini wanda kuke so a ƙara wa girma a cikin waɗannan.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo, da Liman da mutanen zaure. Auta ta dage da hadda. Ina neman addu'arku, jarrabawa ta matso.

Wassalam,
Ɗanku.