Koke zuwa ga Mai Martaba Sarki kan tsuntsaye da namun dajin wurin shaƙatawa na matsirga

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne 'ya'yanka masu zuwa kallon tsuntsaye a matsirgar ruwa, akwai malaman makaranta a cikinmu akwai ɗalibai da masunta, mun kawo kuka ne domin wurin nan yana mutuwa a kan idonmu.

Ranka ya daɗe, a da in ka yi sammako bayan asuba ka zauna a kan dutse ka yi shiru, ba sai kana da madubin hangen nesa ba, za ka ga zalɓe tsaye cikin ruwa ƙiƙam yana dakon kifi, balbela jere a kan reshe, cilakowa na ta kai da komo a bishiyar ɓaure, birai su sauko shan ruwa, guza ya fito shan hantsi, wani lokacin har kada kana hangowa can ƙasa inda ruwan ya lafa. Da damina ta kawo kai shamuwa ta iso daga kudancin Afirka ta yi sheƙa, in ruwa ya ɗauke kuma sai ga tsattsewa da ƙananan tsuntsaye da suka tsallako hamadar Sahara tun daga Turai, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya yi tafiyar dubban kilomita ya zo ya sauka a ƙasarka. Baƙi ne fa ranka ya daɗe, kuma wallahi ba haka ake karɓar baƙo ba.

Yanzu sai ka wuni ba ka ƙirga kala goma ba. An sare itatuwan gaɓar kogi an yi gawayi, ɓauren da tsuntsu da biri da jemage ke ci saura ɗaiɗaiku, gaɓar ma ta fara zaizayewa tunda saiwar da ke riƙe ƙasa babu. Masu zuwa fati su kafa lasifika tun safe, su tafi su bar leda da robobi a ruwa, yara kuma da danƙo suna harbin duk abin da ya motsa.

Amma wanda ya fi ci mana rai shi ne gamalin, maganin ƙwarin nan da wasu ke zubawa a kogi don kama kifi. Kifi ya mutu, zalɓe ya ci ya mutu, ungulu ta ci mushen ita ma ta bi, ga mutane can ƙasa suna ɗiban ruwan suna sha. Tun 2009 yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta saka gubar da ke cikin gamalin a jerin waɗanda za a daina amfani da su, ungulun nan kuma da muke rainawa tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa a duniya.

Roƙonmu, Sarki ya tara hakimi da dagatai da sarkin ruwa da sarkin farauta a yi doka a kan guba da sare itacen gaɓa da ƙona dajin wurin, a yi shela a kasuwa da masallatai kowa ya ji. A hana lasifika daga asuba zuwa ƙarfe 10 na safe kawai, ba mu ce a hana kowa shaƙatawa ba. Sannan yaran nan masu danƙo don Allah kar a kama su, sun fi mu sanin sheƙar kowane tsuntsu da kukansa, a ba mu su mu koya musu rakiyar baƙi masu zuwa kallo su riƙa samun na kansu.

Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, muna roƙon Sarki ya turo wakili da sassafe ranar mu zagaya da shi ya gani da idonsa, irin ɓauren da za a dasa mu za mu kawo.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
'ya'yanka masu kallon tsuntsaye a matsirga