A daina yi wa kwamfuta fomatin don fayil ya ƙi goguwa

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu shagunan buga takardu da masu gyaran kwamfuta na yankinmu, tun daga Babura har Garki, kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Da zarar fayil ya ƙi goguwa a Windows, kwamfuta ta fito da wasu lambobi, sai mai gyara ya ce bairos ne, a yi fomatin, wato a goge duk abin da ke cikin kwamfutar, nan take takardun ɗalibai da jarrabawar da malamai suka kawo bugu su bi ruwa.

Alhali lambar nan ita ce ke faɗin inda ciwon yake, don haka kafin a danna komai ya kamata a ɗauki hotonta da waya. Idan 0x80070020 ce, wata manhaja ce ke riƙe da fayil ɗin, kuma rufe ta ko sake kunna na'urar yakan wadatar. Ita kuwa 0x80070005 tana nufin asusun da ake aiki da shi ba shi da izinin taɓa fayil ɗin, sai a shiga da na mai kwamfutar.

Wadda ta fi addabarmu a karkara ita ce 0x80070570, wadda ke nuna fayil ko folda ta lalace har ba ta karantuwa. Ba abin mamaki ba ne a inda janareta ke mutuwa ana tsakiyar adana aiki, ko yaron shago ya fizge filash daga jikin kwamfuta saboda mai ita yana sauri ya kama motar kasuwa. A nan sai a fara kwashe abin da ke da muhimmanci zuwa wani wuri, sannan a buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin mai kwamfutar, a rubuta chkdsk, umarnin duba faifai, da harafin faifan da fayil ɗin ke ciki, misali E:, a bi shi da /f, a bar shi ya gama ko da ya ɗauki lokaci. Idan kuma lambar ta riƙa dawowa a kan faifan cikin kwamfutar bayan wannan gyara, akwai alamar faifan ne ya fara gazawa, kuma a wannan hali fomatin ba zai hana ta dawowa ba, sai dai a nemi sabon faifai tun takardun mutane na buɗuwa.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Babura, Jihar Jigawa.